Zauren Shawara: Kwano Ko Gidan Motsa Jiki?

Wannan karo wata takarda ce ta zo mana daga wani ɗan'uwa da ke zaune a Summerfield, garin nan da ke kamar mil 12 arewa maso yamma da tsakiyar Greensboro. Ya roƙa kada a ambaci sunansa, mun kuwa karɓa. Ga abin da ya ce:

"Zuwa ga Mai Zaure. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Malam, aikina tuƙin mota, shekarata 9 a ƙasar nan. Ran da na sauka nauyina laba 165 ne, yau kuwa laba 220. Watan jiya likita ya auna jinina, ya ce ciwon sukari bai kama ni ba tukuna, amma ina bakin ƙofarsa, lalle in rage ƙiba. Abin da zan iya warewa dala 40 ne a wata, su ma daga cikin abin da na ke aika wa tsohuwata gida zan tsakuro. Abokina ya ce in shiga gidan motsa jiki. Maiɗakina kuwa ta ce in shiga shirin nan na tsara abinci da a ke biya wata-wata. Ba ni da kuɗin biyu. Wanne zan bi?"

To, ƙanena, na gode da ka yi tambaya tun kafin ka kwance bakin jaka, gama mutane da yawa sai sun biya sa'an nan su zo neman shawara. Dala 40 a wata dala 480 ke nan a shekara, kowa kuwa ya san buhun hatsi nawa wannan zai ajiye wa tsohuwa a Maraɗi ko Kumasi. Saboda haka ba zan amsa maka da ka ba. Bari mu ɗauki abin ɗaya-ɗaya.

INDA ƘIBAR TA FITO

Da farko sai mu san ta wace ƙofa ɓarawon ya shigo. A zangon gida mutum ya kan taka zuwa masallaci sau biyar, ya taka zuwa kasuwa, ya taka zuwa gaisuwar mutuwa da ta suna, nama kuwa sai ran da Allah ya hore. A nan fa? Garuruwa irin su Summerfield an shata su ne domin mai mota. Daga ɗaki sai kujerar mota, daga kujerar mota sai wurin aiki, har kuɗin banki da abincin rana ta tagar mota a ke miƙo wa mutum. Ga kaza da shinkafa da mai da sukari sun yi araha, ga lemon gwangwani ya kusa zama ruwan sha. Ba kai kaɗai ba ne, gama hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙidaya cewa cikin manya 10 na ƙasar nan wajen 4 masu ƙiba ne ƙwarai. Mu kuma muka zo da al'adarmu ta cewa tumbi alamar hutu ne, har in mutum ya je gida a rame a kan tambaye shi ko Amurka ba ta karɓe shi ba.

Masu ilmin abinci suna auna ƙarfin da ke cikin abinci da wani awo da su ke kira kalori. Abin da ka ci bai ƙone ba, jiki ya kan ajiye shi kitse. Yanzu ga lissafi. Gwangwanin Coca-Cola guda, irin na yau da kullum, kalori 140 ne, sukarin da ke ciki kuwa ya kusa ƙaramin cokali 10. Babban cokali guda na mai, ko na gyaɗa ko man ja ko wanda a ke yaba wa da tsada, kalori 120 ne. Kofin dafaffiyar shinkafa guda kamar 200. To, mutum mai nauyinka in ya taka mil guda, abin da zai ƙona bai fi kalori 100 da 'yan kai ba. Watau gwangwanin da ka shanye cikin minti biyu a bakin fitilar hanya, sai ka taka fiye da mil guda kafin ka biya bashinsa. In kullum ka kan sha guda, a mako kalori 980 ke nan, tafiyar wajen mil 9 ko 10. Ludayin mai da uwargida ta kan kwarara a tukunyar miya, in yana cin cokali 8, kalori 960 ne shi kaɗai. Ka ga ashe baki ya fi ƙafa sauri nesa ba kusa ba.

Akwai wani malami a jami'ar Duke da ke Durham, tafiyar kamar awa guda daga nan, sunansa Herman Pontzer. Shi da abokan aikinsa sun je ƙasar Tanzaniya wurin Hadzawa, mutanen da har yanzu da farauta da tonon saiwa su ke ci, su kan yini suna yawo a daji. Suka auna ƙarfin da jikinsu ya ke ƙonawa a yini, suka bayyana sakamako a 2012. Abin mamaki, in an yi la'akari da girman jiki, kusan daidai ya ke da na Bature mai zaman ofis. Fassarar da malamin ya yi ita ce jiki ma'aji ne mai wayo: in ka ƙara masa aiki ta nan, sai ya tsuke hannu ta can. Kuma kowa ya san yunwar da ke bin mutum bayan ya yi gumi. Saboda haka wanda ya shiga gidan motsa jiki amma kwanonsa na nan yadda ya ke, abin da zai sauke kaɗan ne.

GIDAN MOTSA JIKI

Kada wani ya ce Mai Zaure ya kushe motsa jiki. Ko kusa. Yana gyara zuciya, yana sauke hawan jini, yana taimakon jiki ya sarrafa sukari, yana kawo barci mai daɗi, ko da sikeli bai motsa ba. Maganar da mu ke yi ita ce ko sai an biya.

Kuɗin ba su da yawa a ido. Kamfanin Planet Fitness ya yi shekara fiye da 25 yana karɓar dala 10 a wata, sai a 2024 ya mai da shi 15 ga sabon shiga, ban da wani kuɗi da a ke cira sau ɗaya a shekara. Akwai kuma YMCA, wadda reshenta na hanyar Horse Pen Creek bai yi nisa da ku mutanen Summerfield ba. Ita ta fi tsada, amma tana rage wa mai ƙaramin ƙarfi in ya nema ya nuna takardar abin da ya ke samu. Wannan abu ne da 'yan'uwa da yawa ba su sani ba, wanda ya sani kuma kunya ta kan hana shi tambaya.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Waɗansu malaman tattalin arziki biyu, DellaVigna da Malmendier, sun bi littattafan gidajen motsa jiki uku a Amurka, suka buga abin da suka gani a 2006. Mutanen da ke biyan fiye da dala 70 a wata, zuwan da su ke yi bai kai sau 5 a wata ba. Kowane zuwa ya tashi musu fiye da dala 17, alhali kuwa da sun sayi tikitin shiga, dala 10 za su biya. Ba ragwaye ba ne, mutane ne kamar ni da kai, waɗanda ran biya su kan ga kamar gobe za su zama wani mutum dabam.

Ni kaina na faɗa wannan rami. Wata shekara bayan babbar salla na ga rigunana sun matse, na je wani gida na sa hannu a takarda. Makon farko na je sau huɗu, har na sayi takalmi da jaka. Mako na biyu sau biyu. Daga nan sanyi ya shigo, aikin dare ya zo, sai ga shi wata takwas banki yana cire kuɗi ni kuwa ko ƙofar ban gani ba. Da na je fita, ashe takardar da na sa wa hannu ba tare da na karanta ba ta ce sai an ba da sanarwa tun da wuri. Laifin wa? Nawa ne. Tumbin kuwa yana nan, sai ma abin da ya ƙaru.

SHIRIN TSARA ABINCI

To, mu juya wajen shawarar maiɗakinka. Gaskiya ita ce ta fi abokinka kusa da hanya, domin ta nufi kwano, can kuwa ɓarnar ta ke. An gwada abin. A 2011 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani gwaji da aka yi da mutum 772 a Ingila da Jamus da Ostareliya. Aka raba su biyu, rabi aka tura su taron Weight Watchers, rabi aka bar su da shawarar asibiti irin ta kullum. Bayan shekara guda, na taron sun sauke wajen laba 11, na asibiti wajen laba 5. Riɓi biyu ke nan. Amma ka lura, laba 11 ne a shekara, ba laba 50 ɗin da a ke nunawa a hoton talla ba.

Shirye-shiryen nan iri biyu ne. Akwai masu sayar maka da abincinsu a kwali ko gari a gwangwani. Waɗannan dala 40 ba ta kai ko ƙofarsu, kuma ran da kuɗi suka ƙare ka koma tukunyar gida ba ka koyi kome ba. Ga kuma tambayar halal da mai bin addini zai riƙa yi a kan kowane kwali. Akwai kuma masu koya maka lissafin abin da ka ke ci, ko a taro ko ta wayar hannu. Waɗannan sun fi, sai dai galibinsu ba su san tuwo da miyar kuka ba, ba su san dambu ko waken Kumasi ko dokunu ba, sai mutum ya yi ta kirdado.

Wani abu kuma, kada ka biya kuɗin shekara gaba ɗaya don an ce an yi maka rangwame. Kamfani ma ya kan mutu. A Durham ɗin nan wani likita Bajamushe, Walter Kempner, ya fara shirinsa na shinkafa da 'ya'yan itace a 1939, mutane suka riƙa tururuwa daga ko'ina, amma daga baya aka rufe gidan. Kamfanin Jenny Craig, bayan shekara 40 yana aiki, ya rufe shagunansa a 2023. Weight Watchers ɗin kanta a 2025 sai da ta je gaban kotu neman a sassauta mata bashi, ko da ya ke ta fito tana ci gaba da aiki. Cikin abubuwan da suka girgiza kamfanonin nan biyu na ƙarshe akwai allurar nan ta rage ƙiba irin su Wegovy, wadda aka yarda da ita a 2021 a kan kuɗi fiye da dala 1,300 a wata. Kuɗin sun sauko daga baya, amma wannan magana ce tsakanin mutum da likitansa, ba ta mai dala 40 ba ce.

ABIN DA A KE SAYA

Yanzu ka tsaya ka yi tunani. Mene ne ainihin abin da mutum ke saya a wuraren nan biyu? Sanin cewa mai da sukari suna sa ƙiba, ai kakarka ma ta sani. Tafiya kuwa Allah ya ba ka ƙafafu kyauta. Abin da a ke saya ido ne: a sami wanda zai dube ka kowane mako, ya ga sikeli, ya ce madalla ko ya ce ina aka kwana. Weight Watchers ɗin da a ke ji, asalinta wata matar aure ce a birnin New York, Jean Nidetch, ta ga ita kaɗai ta kasa, ta kira ƙawayenta ɗakinta suna haɗuwa mako-mako, har a 1963 abin ya zama kamfani. Tun kafin ita, a 1948, wata mata mai suna Esther Manz ta kafa ƙungiyar TOPS a Milwaukee a kan wannan dabara, ba don neman riba ba, tana nan kuwa har yau. To, jama'a, ido ne za a sayar wa mutumin zango? Mu da in mutum bai zo masallaci Juma'a biyu ba sai an buga masa waya?

Kuma abin da likita ke nema wurinka bai kai yadda ka ke tsoro ba. A 2002 aka bayyana wani babban gwaji a ƙasar nan, na mutum 3,234 waɗanda duk suna bakin ƙofar ciwon sukari kamarka. Waɗansu aka ba su ƙwayar metformin. Waɗansu aka ce su sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiya mai ɗan sauri minti 150 a mako. Masu ƙwaya, kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 31 cikin 100. Masu gyara kwano da tafiya kuwa ta ragu da kashi 58. A jikinka kashi 7 ɗin nan laba 15 ne da ɗan ɗori. Minti 150 kuwa rabin awa ne sau biyar a mako. Babu inda aka ce sai da injin gudu.

Sai dai kada ka raina tafiyar. Tun 1994 waɗansu malamai biyu, Rena Wing da James Hill, su ke rubuta sunayen mutanen da suka sauke laba 30 ko fiye, suka kuma riƙe shekara guda ko fiye ba ta dawo ba. Kusan dukansu sun sake yadda su ke ci, kusan dukansu kuma sun ƙara motsa jiki, tafiya da ƙafa kuwa ita ce kan gaba. Watau kwano ne ke sauke kaya, ƙafa ce ke hana a sake ɗora su.

SHAWARATA

Ga abin da na ke gani, ƙanena. Wata uku na farko kada ka shiga ko ɗaya. Kuɗin watan farko ka sayi sikeli, na wata na biyu ka sayi takalmi mai taushi, sauran ka aika wa tsohuwa.

A gida ku zauna da maiɗakinka, gama ludayin a hannunta ya ke, in ba ta shiga ba aikin banza ne. A riƙa auna mai da cokali. Lemon kwalba da na gwangwani da zoɓo mai sukari su zama na baƙi da ranar salla. Shayi a rage masa sukari da madarar gwangwani kaɗan-kaɗan har harshe ya saba. Malmalar tuwo biyu ta koma ɗaya, a cika gurbin da ganye da wake da kabeji da kuɓewa. A bar cin nauyi bayan lisha. In za ka fita tuƙi, ka tafi da abincinka da gorar ruwa, don kada yunwa ta kai ka tagar masu soya. Malamanmu sun daɗe suna gaya mana a raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, mu ne dai ba mu ji.

Wajen tafiya kuwa, ku mutanen Summerfield ba ku da hujja. Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ta Atlantic da Yadkin an mai da ita hanyar ƙafa, tsawonta wajen mil 7 da rabi, ta taso daga gefenku kusa da hanya mai lamba 220, ta bi ta wajen shaƙatawa na Bur-Mil da tafkin Brandt, ta ratsa filin da aka yi yaƙin Guilford a 1781, ta shiga Greensboro. Ba a biyan ko anini. Garinku ma yana da filin shaƙatawa nasa. Ka nemi aboki guda wanda za ka ji kunyar saɓa masa alkawari, ku riƙa fita bayan asuba ko bayan la'asar.

Ka hau sikeli ranar Juma'a da safe, ka rubuta a littafi. Laba ɗaya a mako ya isa, sannu ba ta hana zuwa. In wata uku suka cika sikeli ya ƙi motsi, to, sa'an nan ka kai kuɗinka wajen shirin abinci, irin mai taro da awo, ka biya wata-wata. Kafin haka ma ka tambayi ofishin koyar da noma da abinci na gundumar Guilford, wanda jami'ar A&T ta nan Greensboro da jami'ar NC State su ke tafiyarwa, gama suna da darussan abinci kyauta ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi. Ka kuma tambayi kamfanin inshorarka ko suna biyan shirin rigakafin ciwon sukari. Gidan motsa jiki ya zo ƙarshe. Ranarsa tana zuwa, musamman cikin Disamba da Janairu sa'ad da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe biyar ga sanyi, ko in kana son ɗaga ƙarfe don ƙarfin jiki. Amma sai ka nuna wa kanka cewa ka iya fita sau 12 a wata a kyauta, sa'an nan ka biya, ka kuma karanta takarda kafin ka sa hannu.

Gargaɗi guda. Wanda ya riga ya ke shan maganin sukari ko na zuciya, da mace mai ciki ko mai shayarwa, kada su rage ci ko su ɗauki azumin nafila da niyyar ramewa sai sun shawarci likita.

Daga ƙarshe ina da roƙo wurin shugabannin ƙungiyarmu. Mun iya adashin kuɗi, me zai hana mu yi adashin lafiya? A sayi sikeli biyu, ɗaya wajen maza ɗaya wajen mata, duk ranar taro wanda ya ke so ya hau, a rubuta masa a asirce. Iyayenmu mata, waɗanda da yawansu ba za su shiga inda maza ke tuɓe riga ba, su haɗa ayarinsu na tafiya ranar Asabar. A wurin suna da biki kuma a ajiye ruwa kusa da hannu, lemo a nesa kaɗan, kada kuma a matsa wa wanda ya ce ya ƙoshi. Mun sha tara kuɗin asibiti da na kai gawa gida, gara mu tara na sikeli.

Ƙanena, ka rubuto mana bayan wata uku mu ji inda aka kwana, ka kuma gai da maiɗakinka, ka ce mata ta fi abokinka gaskiya. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ja kwanan iyayenmu, amin. Mai tambaya ya ba magatakarda takardarsa kafin taron wata mai zuwa. Wassalam.

Naku,
Mai Zaure